Abin da Ɓerayen Gwaji Suka Nuna Kan Giya da Iskar Sa Barci

A shekarar 1951 wani masanin sinadarai a kamfanin ICI na Ingila, Charles Suckling, ya haɗa halotan, ruwa mai saurin zama tururi da ake shaƙa wa majiyyaci ya yi barci kafin tiyata. An fara aiki da shi a Manchesta a 1956, likitoci suka karɓe shi hannu bibbiyu domin ba ya kama wuta. Ba a jima ba aka fara ganin ƙalilan suna yin shawara bayan aiki, hanta ta lalace, wasu har rai ya yi halinsa. Neman dalilin haka ne ya kai masu bincike ga ɓeraye.

Ba duk iskar da aka shaƙa ce ke fita ta huhu ba. Kusan kashi 20 cikin 100 na halotan hanta ce ke sarrafa shi, babban ma'aikacinta kuwa wani sinadari ne da ake kira CYP2E1. Aikinsa ba ya rasa ɓarna. Yana cikin sarrafa abin da ya shigo, yana zubar da ɓurɓushin oksijin masu cin jiki, su kuma sai su far wa kitsen da ya lulluɓe ƙwayoyin halitta, kamar dai yadda man gyaɗa ke lalacewa ya sake wari in an bar shi a buɗe. Ana gane girman ɓarnar ta hanyar auna MDA, wanda ke ƙaruwa idan kitsen ya lalace, da gulutatayon, garkuwar hanta, wanda ke raguwa.

Ita giya ta wannan ƙofar take shigowa. Ɓera ba ya son shanta da yawa, don haka Charles Lieber da Leonore DeCarli a Amurka suka dama ta cikin abinci mai ruwa-ruwa, har ta kai kashi 36 cikin 100 na kuzarin da dabbar ke samu. A 1968 suka bayyana wata hanya ta biyu da hanta ke bi wajen ƙona giya, wadda ke ƙara ƙarfi idan sha ya ɗore. Daga baya aka gane CYP2E1 ne jigonta. Lieber ya kuma nuna cewa gwaggon biri da ke cin abinci mai gina jiki ma hantarsa tana ƙeƙashewa in ya daɗe kan giya, abin da ya rushe tunanin cewa yunwa ce kaɗai ke kashe hantar mashayi.

To, dabbar da ta saba da giya tana haɗuwa da iskar sa barci da CYP2E1 a yalwace, garkuwarta kuma ta yi rauni. Idan oksijin ya yi ƙaranci lokacin barcin, halotan kan bi wata hanyar da ke haifar da ɓurɓushi mafi muni. Ɓarnar takan taru a sashen hanta da ya fi yawan CYP2E1, wanda shi ne kuma mafi ƙarancin oksijin.

Sai dai kada a ɗora wa ɓera kayan da ya fi ƙarfinsa. Mummunan ciwon hantar da halotan ke jawo wa ɗan Adam, garkuwar jiki ce ke far wa hantar, musamman ga wanda aka sake shaƙa masa cikin ɗan lokaci. Isofuluran kuwa, wata iskar sa barci, kashi 0.2 cikin 100 kacal hanta ke taɓawa, har ma gwaji kan karnuka a 1997 ya nuna yana rage wa zuciya illar yankewar jini.

Abin ya shafe mu, domin arha ta sa halotan ya daɗe a asibitocin Najeriya da Nijar bayan ƙasashe masu hali sun ajiye shi. Farasitamol da ake bayarwa bayan tiyata ma CYP2E1 ne ke mayar da wani kasonsa guba. Amma wa zai amsa cewa yana shan giya ko burkutu alhali mahaifinsa ko surukinsa na tsaye a gefen gado? A ganina wajibi ne likitan sa barci ya sallami ’yan jinya kafin ya yi wannan tambaya, ya kuma gaya wa majiyyaci cewa amsar ce za ta sa a zaɓi iskar da za a shaƙa masa da yawan maganin da za a ba shi.