Hannun 'Yan Kallo a Wasan Dandamali

Mawaƙin Hausa ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya, domin idonsa na kan jama'a. In ya ambaci sunan wani, mata suka rangaɗa guɗa, aka taso ana liƙi, sai ya tsaya nan ya yi ta nanatawa, 'yan amshi na karɓa, mai kalangu na ƙara wuta. In kuwa ya ga fili ya yi sanyi, an koma hira, sai ya sake salo tun kafin a watse. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi fice wajen ƙirƙiro baiti nan take daga abin da ya gani a wurin.

Ɗan wasan kwaikwayo ma haka. Mai barkwanci da dariyar mutane yake auna maganarsa: in ya yi gaggawa, dariyar ta danne abin da zai faɗa a gaba, in ya yi nawa, abin ya huce. Wannan awon ba a wurin gwaji ake koyonsa ba, sai a gaban jama'a. Shirun 'yan kallo ma iri biyu ne. Akwai na waɗanda labari ya tafi da su, akwai na waɗanda suka ƙosa, mai zuwa da tari da gyaran zama, kuma gwani na rarrabewa ba tare da ya ɗaga kai ba.

A gidan wasa na Globe da aka gina a Landan a 1599, inda ake nuna wasannin Shakespeare, da rana ake wasa. Talakawa kan biya kwabo ɗaya su tsaya dab da dandamali, ɗan wasa na ganin fuskokinsu sarai.

Da talabijin ta raba mai wasa da mai kallo, sai aka nemi dabara. A shekarun 1950 wani injiniyan sauti a Amurka, Charles Douglass, ya ƙera na'urar da ke cusa naɗaɗɗiyar dariya cikin shiri. Ta yi wa na gida amfani, amma shi ɗan wasan ba ta gaya masa komai.

Annobar korona ce ta fito da muhimmancin 'yan kallo fili. An rufe gidajen wasa na Broadway a New York a Maris 2020. A watan Yunin shekarar, gidan kiɗa na Liceu a Barcelona ya jera tukwanen shuke-shuke 2,292 a kan kujeru, makaɗa huɗu suka yi musu kiɗa, mutane na kallo ta intanet. Manyan wasannin Broadway kuwa jira suka yi, ba su dawo ba sai a Satumba 2021, da aka sake buɗe wa 'yan kallo ƙofa.