Samarin Yerwa Da Katun Na Japan: Sai An Ɗanɗana Kashi Uku

Duk magidancin da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal, ya kuwa bar iyali a Maiduguri, ya san irin saƙon da kan zo daga gida in wata ya kusa ƙarewa. Bayan kuɗin cefane da na makaranta, sai yara su biyo baya da nasu roƙon, watau kuɗin data. Sau da yawa uba kan aika ba tare da ya san abin da ake kallo da shi ba. To, wani kaso na wannan kuɗi yana tafiya ne wajen kallon fina-finan zane na ƙasar Japan, waɗanda ake kira anime, yara kuwa kan ce da su katun.

Abin ba baƙo ba ne ƙwarai. Waɗanda suka tashi da telebijin na NTA za su tuna da Voltron, wanda Amurkawa suka fitar a 1984, alhali kuwa asalinsa zanen Japan ne na 1981. Gidajen da suka kafa kwanon tauraron ɗan'adam suna kama tashoshin Larabawa kuma sun san Kaftin Majid, ɗan ƙwallon nan da sunansa na gaskiya Captain Tsubasa, wanda aka fara nunawa a Japan a 1983. Amma akwai bambanci babba. A wancan zamani wasu ne ke zaɓa wa yara. Tashar Spacetoon, wadda ta fara aiki a shekarar 2000, takan nuna waɗanda aka juya zuwa Larabci a Dimashƙu, an yanke abin da bai dace ba. Yau kuwa ba mai tacewa. Fim kan taso daga Tokyo ya faɗo cikin wayar yaro a Gwange ko Hausari ko Bulumkutu yadda aka yi shi.

Masu yin waɗannan fina-finai sun kasa shekara gida huɗu. Sababbi kan fito a Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, kowane karo kuwa da dama suke fitowa, har fiye da 40. Yawanci zango ɗaya kashi 12 ne ko 13, ana sakin kashi ɗaya kowane mako, tsawonsa kamar minti 24. Ba mahalukin da zai iya bin su duka. Saboda haka masu kallo a duniya suka fito da wata al'ada: a kalli kashi uku na farko, in ya yi daɗi a ci gaba, in bai yi ba a watsar a nemi wani. Kashi na ɗaya shi ne talla, a nan ake zuba ƙwarewa don a ja hankali. Na biyu ya gabatar da mutanen cikin labarin. A na uku ne akan ga inda aka dosa. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji Hausawa, tun daga Laraba ake gane ta.

Ga yaron Tokyo ko Landan wannan al'ada tanadin lokaci ne kawai. Ga na Maiduguri kuwa har da tanadin kuɗi da wuta. A Janairun 2021 'yan ta da ƙayar baya suka karya turakun da ke kawo lantarki daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, kwanaki kaɗan suka sake fasawa, birnin ya ƙare mafi yawan wannan shekara cikin duhu. Ko da yake an buɗe tashar wuta mai aiki da gas, mai ƙarfin megawat 50, a Maris na 2023, shagon mai caji da janareta da sola ba su daina amfani ba. Daɗa kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100. Wannan ya sa yara da yawa ba sa sauko da fim da kansu. Sukan kai waya ko memori wurin masu tura fim, irin na wajen Kasuwar Jagwal da shagunan unguwa, ko kuwa ɗaya ya sauko da shi ya tura wa abokansa. Wanda ya cika memorinsa da fim marar daɗi ya yi hasara biyu, ga kuɗi ga caji.

Hasarar da ta fi waɗannan ita ce ta lokaci. Ɗanɗanon kashi uku awa ɗaya ne da 'yan mintoci, amma abin da ke bayansa yana iya zama kogi. Naruto, labarin marayan nan da mutanen garinsu suka ƙyamata, an fara shi a 2002 aka gama a 2017, kashi 720 cif. In an lissafa ya haura awa 270, watau kwana 11 da ɗoriya ba barci ba cin abinci. One Piece kuwa tun 1999 aka fara shi, ya wuce kashi 1,100. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko JAMB, ko mai karatu a Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Ramat, in ya ɗauki irin wannan a tsakiyar zangon karatu, ya san abin da ya saya. Masu wayo sukan tambayi yawan kashi tun kafin su fara, su ajiye dogo sai lokacin hutu.

Sai kuma babbar magana, wadda iyaye da yawa ba su lura da ita ba. A nan ƙasar, da an ga zane sai a ce na yara ne. A Japan ba haka ba ne. Akwai na ƙananan yara, akwai na samari, akwai na 'yan mata, akwai na manya zalla, da yawa ma sai dare ya raba ake nuna su a telebijin. A kashi na farko na Attack on Titan, na 2013, dodanni suka fasa ganuwar gari, ɗaya ya cinye uwar yaro a gabansa, jama'a suka fita gudun hijira. A Demon Slayer, na 2019, yaro mai sayar da gawayi ya dawo daga talla ya tarar an kashe 'yan gidansu. A garin da ya ga tashin hankali tun 2009, ya kuma karɓi dubban 'yan gudun hijira, irin wannan labari ba tatsuniya ba ce ga kowa. Wani yaron zai sami abokin kuka a ciki, wani kuwa tsohon miki za a fama masa. Ban da jini, akwai masu tsiraici, akwai kuma masu maganar gumaka da allolin gargajiyar Japan, kamar Death Note na 2006, abin da ke bukatar babba ya zauna ya yi wa yaro bayani.

Har ila yau, kashi uku ba kullum ke faɗin gaskiya ba. Akwai Madoka Magica na 2011, wanda ya fara da 'yan mata cikin ado kamar wasan yara, sai a kashi na uku aka kashe ɗaya daga cikinsu kisan ban tsoro. Wanda ya duba kashi ɗaya ya miƙa wa ƙanwarsa ya yi kuskure. Akwai kuma Vinland Saga na 2019, inda sai a kashi na huɗu aka kashe uban yaron, ya ƙare zangon farko yana neman fansa. A zango na biyu, na 2023, an mai da shi bawa a gona, a can ya gane banzar zub da jini, ya yi rantsuwa ya bar takobi. Wanda ya yanke hukunci da wuri zai ce fim ɗin yaƙi ne kurum, alhali kuwa darasinsa na zaman lafiya ne. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ba duka ne abin tsoro ba. Dr. Stone, na 2019, labarin yaro ne masanin kimiyya da ya farka bayan shekaru dubbai, duniya ta koma daji, ya fara haɗa sabulu da magani da injin wuta daga abin da ya tsinta. Yaron da ya yi shekara cikin duhu zai fahimci wannan fiye da kowa. Haikyu na ƙwallon raga yana koya haƙuri da aiki tare. Tun da yake kuma yawanci ana magana da harshen Japan ne, fassarar Turanci na gudu a ƙasa, mai kallo kan sami saurin karatu.

To, mene ne abin yi ga uban da ke Agege ko Sabo ko Shagamu, tsakaninsa da gida tafiyar yini da kwana? Hani daga nesa ba ya aiki, domin abin da aka goge da safe aboki zai sake turawa da yamma. Abin da ya fi shi ne tambaya. In an buga waya gida, bayan gaisuwa, a tambayi yaro sunan abin da yake kallo, da yawan kashinsa, da abin da jarumin ke nema, da kuma ko zai iya kallonsa a gaban mahaifiyarsa. Amsar ta ƙarshe ita kan tona komai. Sunan fim kuwa in an rubuta shi a intanet, shekarun da aka ƙayyade wa masu kallonsa za su fito. A kuma ɗora wa yaya ko kawu da ke gida nauyin ɗanɗana wa ƙanana kafin a ba su.

Yaron da ya koyi ɗanɗana abu ya ajiye shi in bai yi masa ba, ko da abokansa na yabonsa, ya koyi abin da zai amfane shi wajen zaɓen aboki da sana'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shiryi zuri'a, ya maido matafiya gida lafiya.