Laifin Gem Ne Ko Na Bindiga? Yadda Kafafen Yaɗa Labarai Ke Ɗora Wa Wasannin Bidiyo Alhakin Kisa

Ranar 16 ga Afrilun 2007 wani ɗalibi ya buɗe wuta a jami'ar Virginia Tech da ke Amurka, ya kashe mutum 32, sannan ya harbe kansa. 'Yan sanda ba su ma kai ga faɗin sunan maharbin ba, sai ga wani lauya mai suna Jack Thompson a talabijin yana ɗora laifin a kan wasannin bidiyo. Bayan wata huɗu kwamitin binciken da gwamnan jihar ya kafa ya miƙa rahotonsa. Wasan da aka ambata cewa yaron ya buga yana ƙarami shi ne Sonic the Hedgehog, na wata bushiya mai gudu tana tsintar zobba. Abokin ɗakinsa a jami'a kuwa cewa ya yi bai taɓa ganinsa yana buga gem ba.

Abin da rahoton ya tono daban ne. Tun yana yaro yake fama da larurar ƙwaƙwalwa. Malamansa sun tsorata da irin rubutun da yake kawo musu har sun kai ƙorafi. A Disambar 2005 kotu ta ga yana iya cutar da kansa, ta umarci ya riƙa ganin likita, amma ba a bi sawu an tabbatar ana duba shi ba. Sunansa bai shiga kundin waɗanda aka haramta sayar wa makami ba, don haka ya sayi ƙananan bindigogi biyu babu mai ce masa kanzil. Duk wannan a rubuce yake, sai dai ya fito ne bayan 'yan jarida sun naɗe kayansu sun tafi. Wanda ya ji zargin a ranar farko, da wuya ya ji gyaran.

Ɗabi'ar neman abin ɗora wa laifi ta girmi gem ɗin kansa. A 1954 littattafan zane na yara ne a gaban Majalisar Dattawan Amurka, bayan wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya ce su ke kangarar da matasa. A 1976 aka yi ca a kan wani wasa mai suna Death Race. A Disambar 1993 Sanata Joe Lieberman da Sanata Herb Kohl suka kira zaman jin bahasi a kan Mortal Kombat da Night Trap. Amma abin da ya dasa zargin a zukatan mutane shi ne harin makarantar sakandaren Columbine a jihar Kolorado, ranar 20 ga Afrilun 1999, inda ɗalibai biyu suka kashe 'yan uwansu 12 da malami ɗaya. An gano suna son wasan Doom, shi ke nan magana ta zauna. Iyalan wasu daga cikin mamatan sun maka kamfanonin gem a kotu, alƙali ya kori ƙarar a 2002.

Me ya sa zargin ba ya mutuwa? Dalili na farko yana cikin yanayin aikin jarida. A sa'o'in farko bayan ta'asa babu wanda ya san komai, amma dole tasha ta cika lokaci, jama'a kuma suna tambayar dalili. Bayanan asibiti a kulle suke, 'yan sanda ba sa magana, iyaye sun ɓuya. Gem kuwa a shirye yake, yana da hoto mai motsi, ga jini ga ƙarar harsashi, kuma edita zai iya ɗora shi a allo cikin minti biyar. Maƙwabcin da ya ce yaron ba ya fita, kullum yana ɗaki gaban kwamfuta, ya wadatar a gina labari. Sannan shekaru da dama masu shirya labaran da masu kallonsu manya ne da ba su taɓa riƙe abin buga gem ba, abin da mutum bai sani ba kuwa ya fi saurin tsorata shi.

Akwai kuma wani kuskuren lissafi da ake yi ba a lura. Binciken cibiyar Pew na 2008 ya nuna kashi 97 cikin 100 na matasan Amurka 'yan shekara 12 zuwa 17 suna buga gem, a cikin maza kuwa kashi 99. Idan haka ne, samun gem a ɗakin yaron da ya yi kisa bai nuna komai ba, domin za a same shi a ɗakin yaron da ya zo na ɗaya a aji. Abin da kowa ke yi ba zai bambanta mai laifi da marar laifi ba.

Dalilin da ya fi damuna shi ne na siyasa, domin a nan da gangan ake yi. Ranar 14 ga Disambar 2012 aka kashe yara ƙanana 20 da ma'aikata 6 a makarantar firamaren Sandy Hook. Bayan mako guda Wayne LaPierre, jagoran ƙungiyar masu kare haƙƙin mallakar bindiga ta NRA a lokacin, ya kira taron manema labarai ya lissafo sunayen wasanni, ya ce su ne masu shuka ta'asa a ƙasar. Rahoton mai gabatar da ƙara na jihar da abin ya faru ya tabbatar akwai wasannin harbi a gidan maharbin, amma ya kuma nuna wasan da yake ɓata sa'o'i a kansa a wani gidan sinima na rawa ne, Dance Dance Revolution. Bindigogin kuwa mahaifiyarsa ce ta saya, kuma ita ya fara kashewa. A Agustan 2019 wani matashi ya harbe mutane a kantin Walmart na garin El Paso, 23 suka mutu. Shi da kansa ya rubuta dalilinsa ya saka a intanet, wato ƙiyayyar baƙi 'yan asalin Latin Amurka. Duk da haka Shugaba Donald Trump ya ambaci wasannin bidiyo a jawabinsa. Kamfanin Walmart ya umarci ma'aikatansa su sauke allunan tallar wasannin faɗa daga kantunansa, alhali a lokacin bindigogi na nan a kan kanta ana sayarwa. An bar jaki ana dukan taiki, kuma kowa ya san dalili. Taɓa bindiga a Amurka yana jawo wa ɗan siyasa asarar ƙuri'a da kuɗin kamfe, zagin gem kuwa kyauta ne.

Zargin ma ba kowa ake yi wa ba. Patrick Markey na jami'ar Villanova da abokan aikinsa sun bi rahotannin jaridu sama da 200,000 kan hare-hare 204, suka wallafa sakamakon a 2019. Sun tarar idan aka yi harbi a makaranta kuma maharbin farar fata ne, an fi ambaton gem har ninki takwas a kan idan baƙar fata ne. Ma'anar wannan tana da ɗaci. Idan ɗan fari ya yi kisa sai a shiga neman abin da ya ɓata shi daga waje, idan ɗan baƙi ne sai a ga babu abin tambaya.

To me masana suka gano? A nan ya kamata a yi adalci, domin akwai masu bincike na gaske, irin su Craig Anderson da Brad Bushman, da suka daɗe suna cewa wasannin faɗa na ƙara zafin rai. Sai dai a duba yadda ake auna zafin ran. Ana kawo ɗaliban jami'a ɗakin gwaji, a ba wasu wasan harbi, wasu a ba su wasa marar faɗa, su buga na ɗan lokaci. Daga nan sai a ce wa kowa ga abokin takara a wani ɗaki, idan ka ci shi kai za ka zaɓi ƙarfin ƙarar da za a sakar masa a kunne. A wani gwajin miyar barkono ake ba ɗalibi, a ce ya ɗiba wa wani wanda aka gaya masa ba ya son yaji. Wanda ya ɗan ƙara murya ko ya ɗan cika cokali sai a rubuta cewa zafin ransa ya hau. Bambancin da ake samu ƙarami ne, wasu masanan irin su Christopher Ferguson ma suna jayayya da shi. Ko da an yarda da shi, tsakanin ƙara wa mutum barkono da ɗaukar bindiga a shiga aji akwai tafiya mai nisa, kuma babu gwajin da ya cike wannan tazara. Shi ya sa ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wadda a 2015 ta ce akwai alaƙa da zafin rai, ta fito a 2020 ta ce babu isasshiyar hujjar danganta gem da aikata ta'asa. A 2019 wani bincike na jami'ar Oxford a kan matasan Birtaniya kimanin 1,000, wanda aka tambayi har iyayensu, bai sami alaƙar ba.

Alƙaluman laifuka ma ba su goyi bayan zargin ba. Kamen matasa kan manyan laifuka a Amurka ya kai ƙololuwa a 1994, daga nan ya yi ta sauka har ya ragu da fiye da rabi, a daidai shekarun da gem ya shiga kowane gida. Wannan ba ya nufin gem ne ya rage laifi, amma da shi ne ke haifar da kisa da ba haka lissafin zai kasance ba. Japan da Koriya ta Kudu suna cikin ƙasashen da suka fi kowa buga gem a duniya. A Japan akwai shekarun da waɗanda aka kashe da bindiga a duk ƙasar ba su kai 10 ba.

Abin takaicin shi ne an daɗe da sanin inda matsalar take. A 2002 hukumar tsaron shugaban Amurka da ma'aikatar ilimi suka fitar da nazarin hare-hare 37 da ɗalibai 41 suka kai a makarantu. Kashi 12 cikin 100 kacal ne suka nuna sha'awar wasannin faɗa. Kimanin kashi 70 suna jin ana cin zalinsu ko ana tsangwamarsu. Fiye da kashi biyu bisa uku a gidansu ko gidan dangi suka ɗauko bindigar. A cikin kowane hari biyar, a huɗu akwai wanda ya san da shirin tun kafin ranar, yawanci wani ɗalibi ne. Ga abubuwan da za a iya yi wa magani, amma kowannensu yana buƙatar kuɗi, ko doka, ko iyaye da malamai su amsa tambayoyi masu nauyi.

Kuɗin da lokacin sai suka tafi wani wajen. Jihohi da dama sun kafa dokokin hana sayar wa yara wasannin faɗa, kotuna suka rushe su ɗaya bayan ɗaya. Ta Kalifoniya, wadda aka sa wa hannu a 2005, ta kai har Kotun Ƙoli, inda a 2011 alƙalai 7 cikin 9 suka soke ta, hukuncin ya kuma ce binciken da jihar ta dogara da shi bai tabbatar gem na sa yara ta'asa ba. A gefe guda kuma, tun 1996 majalisa ta saka wani sharaɗi a kasafin kuɗi da ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta janye jiki daga binciken kashe-kashen bindiga, ba a sake ware masa kuɗi na musamman ba sai ƙarshen 2019. Salon ya tsallaka teku. A Jamus bayan harin Erfurt na 2002 wasan Counter-Strike aka kama. A Faransa a 2023, da tarzoma ta ɓarke bayan ɗan sanda ya harbe wani matashi ɗan shekara 17 a Nanterre, Shugaba Macron ya ce wasu yaran suna kwaikwayon gem ne a kan titi.

Mu ma mun san irin wannan. An taɓa ɗora wa littattafan soyayya da finafinan Hausa alhakin lalacewar tarbiyya, har aka ƙona littattafai a Kano a 2007. Yanzu da PUBG da Free Fire suka cika wayoyin samari, gidajen gem kuma suka yawaita a unguwanni, ba zan yi mamaki ba in an fara jingina musu ƙwacen waya. Daba dai ta riga wayar hannu zuwa Kano, kuma duk wanda ya zauna a unguwar da take ya san rawar da ƙwaya da zaman banza da 'yan siyasa ke takawa.

Ba wai gem ba shi da aibi ba ne. Tsarin rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa, wanda aka kafa a 1994 bayan zaman su Lieberman, abu ne mai amfani, kuma uban da ya hana ɗansa ɗan shekara takwas wasan yanka mutane ya yi daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 cewa jarabar gem larura ce ga 'yan tsirarun da ta hana barci da karatu. Akwai zaurukan hira da ke kewaye da wasannin, inda masu tsattsauran ra'ayi ke farautar yaran da kaɗaici ya dama. Matashin da ya kashe baƙaƙen fata 10 a Buffalo a 2022 a manhajar Discord ya riƙa rubuta shirinsa, a manhajar Twitch kuma ya haska harin kai tsaye. Takardun da suka fito daga shari'ar iyayen Sandy Hook sun nuna kamfanin bindiga na Remington ya ƙulla yarjejeniya a saka samfurin bindigarsa a cikin Call of Duty domin ya kama zukatan matasa. Waɗannan su ne tambayoyin da suka cancanci ɗan jarida ya bi, amma hayaniyar cewa gem na koya kisa ta danne su.

Ranar 30 ga Nuwamban 2021, a makarantar sakandaren Oxford ta jihar Michigan, wata malama ta ga wani ɗalibi ɗan shekara 15 ya zana bindiga da mutum kwance cikin jini a takardar lissafi, ya rubuta cewa tunanin ya ƙi barinsa, a taimake shi. Aka kira iyayensa. Yaron ya ce zanen na wani gem ne da yake ƙirƙira. Iyayen ba su tafi da shi gida ba, ba su kuma faɗa wa makarantar cewa kwana huɗu kafin nan uban ya saya masa bindiga ba. Babu wanda ya buɗe jakarsa. Aka mayar da shi aji, bayan 'yan sa'o'i ya harbe ɗalibai, huɗu suka mutu. A 2024 kotu ta sami uwar da uban da laifin kisa ba da niyya ba, ta yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 10 zuwa 15.