Kimmo Timonen: Ɗan Baya a Filin Ƙanƙara

A darasin fassara na zangon da ya wuce, malaminmu ya ce kowa ya zaɓi wani abu da babu shi a ƙasar Hausa, ya bayyana shi da Hausa zalla ta yadda wanda bai taɓa ganinsa ba zai gane. Ni na zaɓi wasan hoki na ƙanƙara, domin nakan kalle shi a intanet. Da na zauna rubutu sai na ga dokoki kaɗai ba za su riƙe mai karatu ba, shi ya sa na bi ta kan rayuwar ɗan wasa guda, wato Kimmo Timonen, mutumin ƙasar Finland.

Matsalar farko ita ce ta kalmomi. Ƙanƙarar da Bahaushe ya sani ita ce wadda take zubowa da ruwan sama, ko wadda ake jefawa a cikin zoɓo. A nan kuwa fili ne guda aka daskarar, tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 85 a gasar NHL ta Amurka da Kanada. 'Yan wasa suna sa takalma masu wuƙar ƙarfe a ƙasa suna sulɓi a kai. Abin da suke bugawa da sanda ba ƙwallo ba ne, wani baƙin faifan roba ne mai tauri wanda bai kai faɗin tafin hannu ba. Na daɗe ina juyayin sunan da zan ba shi, daga ƙarshe na tsaya a kan "faifai". Kowane ɓangare yana da mutum shida: mai tsaron raga ɗaya, 'yan gaba uku, 'yan baya biyu. Ana yin wasan zubi uku, kowane zubi minti 20.

Timonen ɗan baya ne. Aikin ɗan baya shi ne ya tare masu kawo hari, sau da yawa yana sulɓi da baya-baya yana fuskantarsu, ya ƙwace faifan, ya miƙa wa na gaba. Wani lokaci jikinsa yake sa wa ya tare faifan da aka bugo da ƙarfi. Saboda haka ƙungiyoyi sun fi son ƙato a wannan gurbi, shi kuwa Timonen tsawonsa bai wuce ƙafa 5 da inci 10 ba.

An haife shi a garin Kuopio a shekarar 1975, kuma a ƙungiyar garin mai suna KalPa ya fara wasa. A NHL akwai al'adar da ƙungiyoyi suke zama duk shekara suna zaɓen matasan 'yan wasa bi da bi, na ƙwarai su ake fara ɗauka. A zaɓen 1993 sai da aka kira sunan mutum 249 kafin Los Angeles Kings ta ɗauke shi, kuma bai taɓa buga mata wasa ko ɗaya ba. Ya ci gaba da wasa a gida, ya ci gasar Finland da TPS a 1995, ya sake ci da HIFK a 1998. A wannan shekara ce Kings ta miƙa shi ga Nashville Predators, wadda sabuwar ƙungiya ce a lokacin, a kan sharaɗin kada Nashville ta ɗauke mata wani ɗan wasa da take ji da shi. Ke nan kamar gyara aka ba da shi. To, ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa. Ya zauna a Nashville har ya zama kyaftin a kakar 2006 zuwa 2007, sannan Philadelphia Flyers ta ɗauke shi da kwantiragin shekara shida na dala miliyan 37.8.

Abin da ya ja hankalina a tarihinsa shi ne yawan zuwa bakin nasara a komo. Ya wakilci Finland a gasar Olamfik sau biyar, ya samu tagulla a 1998 da 2010 da 2014, da azurfa a 2006 lokacin da Sweden ta doke su da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe. A gasar duniya ma azurfa ya samu har sau uku. A 2010 Flyers ta kai zagayen ƙarshe na Kofin Stanley, wanda shi ne kofin NHL, inda ta gamu da Chicago Blackhawks. A wasa na shida, cikin ƙarin lokaci, Patrick Kane ya zilliye wa wani ɗan baya ya jefa faifan da ya ba Chicago kofi. Wannan ɗan baya Timonen ne. Haka aikin yake: in ka tare hari ɗari babu mai tunawa, na ɗari da ɗaya da ya wuce ka shi za a yi ta nunawa a talabijin.

A watan Agusta na 2014, yana da shekara 39, likitoci suka gano jini ya dunƙule a ƙafarsa ta dama da kuma cikin huhunsa. Wannan ciwo yana iya kisa. Maganinsa kuwa na tsinka jini ne, wanda yake sa jini ya ƙi tsayawa in an ji rauni, ga shi kuma wasan na bangaza ne da wuƙaƙe a ƙafa. A ganina, da ya ajiye sanda a nan babu wanda zai zarge shi. Amma ya yi jinyar watanni, likitoci suka ba shi izinin komawa, kuma a watan Fabrairu na 2015 Flyers ta miƙa shi ga Chicago, ƙungiyar da ta hana shi kofi shekara biyar da suka wuce.

Gaskiya ita ce ƙarfinsa ya ragu a lokacin. Ya buga wa Chicago wasa 16 a gasa da 18 a zagayen neman kofi, bai ci ko ɗaya ba, bai kuma ba da wanda aka ci ba. Mintoci kaɗan ake ba shi, wasu ranaku ma a benci yake kallo. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma kaɗai ba zai san cewa wannan mutum ya buga wasa 1,108 a NHL ya tara maki 571 ba, alhali aikinsa tsaro ne.

Ranar 15 ga Yuni, 2015, Chicago ta doke Tampa Bay da ci 2 da nema ta ɗauki kofin. Bisa al'ada kyaftin ne yake fara ɗaga shi, sannan ya zaɓi wanda zai miƙa wa, kuma kowa yakan zuba ido ya ga ko wane ne. Jonathan Toews ya wuce waɗanda suka ci wasan ranar, ya kira Timonen. Yana da shekara 40, kuma wannan ne wasansa na ƙarshe.