Kada, Dorina da Kwaɗo: Wane Ne Ɗan Gida Biyu?

Masunta a Ayorou, bakin kogin Neja, sun san halin dorina: yini take yi cikin ruwa, sai dare ya yi ta hau tudu kiwo. Kada kuwa yana shan hantsi a gaɓa, da ya ji motsi sai ya sulale. Mai kallo zai rantse su ne masu rayuwa a ruwa da tudu. Masana halittu ba su yarda ba. A wurinsu wannan matsayi na kwaɗo ne da danginsa.

Sunan da suka ba rukunin, amfibiya, daga Girkanci ya fito, ma'anarsa rayuwa iri biyu. Da can sunan ba shi da shinge sosai, don a 1758 Carl Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, ya cusa kada da maciji da kunkuru duk a ciki. Daga baya aka tsame su.

Dalilin yana wajen haihuwa. Kada a tudu yake binne ƙwansa, ɗansa kuma da huhu yake fitowa. Dorina haihuwa take yi ta shayar, kuma da ta yi kamar minti biyar a ƙarƙashin ruwa dole ta ɗago ta shaƙi iska. Kwaɗo fa? A kududdufi yake zuba ƙwai marar ɓawo. Abin da ke ƙyanƙyashewa ɗan mitsitsi ne mai jela, yana numfashi irin na kifi, in aka tsamo shi ya mutu. Sannu a hankali ƙafafu su tsiro, jela ta shanye, huhu ya kama aiki, sannan ya yi tsalle ya fito. Ko ya girma, fatarsa ma numfashi take yi, shi ya sa bushewa ke kashe shi, shi ya sa wasu kwaɗin ke binne kansu duk rani har ruwan farko ya sauka.

Gaiwa ce mai rikita lissafi. Tana da huhu, tana kwashe watanni a busasshen taɓo tana cin jikinta, amma duk da haka kifi ce.

Sojoji ma sun ari kalmar amfibiya, su kam ba ruwansu da ƙwai ko huhu. Motar da ke tafiya a ƙasa ta kuma yi iyo a teku, irin DUKW da Amurka ta yi aiki da ita a gaɓar Nomandi ta Faransa a 1944, da wannan suna ake kiranta.