Ko Kun Sani?

Akwai wani abu da ake kira erojel wanda guntunsa mai nauyin giram 2 kacal ke ɗaukar bulo mai kilo 2.5 ba tare da ya murƙushe ba, wato ninkin nauyinsa sau 1,250. Da ɗan dako mai kilo 60 a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi zai yi irin wannan bajinta, to buhun siminti 1,500 zai ɗora a ka lokaci guda!

Abin mamakin ma, fiye da kashi 99 cikin ɗari na erojel iska ce zalla. Sauran ɗan abin da ya rage silika ce, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, ta yi saƙa mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Wannan saƙar ce ke rarraba nauyi ko'ina, shi ya sa yake jurewa. Amma fa idan aka matse shi da ƙarfi a wuri ɗaya, sai ya farfashe.

Wani masanin kimiyya Ba'amurke, Samuel Kistler, ya ƙirƙiro shi a 1931. A 2004 kumbon Stardust na hukumar NASA ya kamo ƙurar tauraruwa mai wutsiya da shi.