Ɗalibin Malanta A Filin Wasa: Ina Ƙarfin Zuciya Yake Fitowa?

'Yan'uwa manoma, wannan karo ba zancen taki ko irin gyaɗa muka kawo maku ba. Zancen 'ya'yanmu ne masu koyon aikin malanta, musamman waɗanda suka zaɓi fannin wasannin motsa jiki da kiwon lafiya.

A Dutsin-Ma akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wadda aka kafa a 1991, aka sa mata sunan Wazirin Katsina Alhaji Isa Kaita, wanda ya taɓa riƙe ministan ilimi na Jihar Arewa. Shekara 3 ɗalibi yake yi kafin ya sami takardar NCE. Da fari yakan gwada koyarwa gaban abokan karatunsa, sa'an nan a tura shi wata makaranta ya yi gwajin koyarwa gaban yara na ainihi. To, a nan ne gwiwa take sanyi.

Malamin lissafi yana da bango huɗu da allo da tebur, su ma suna taya shi riƙe aji. Malamin wasanni kuwa daga usur sai muryarsa. Mu da muka bi ta makarantar horon malamai ba mu manta da wannan tsoro ba. Da kakar bara mun tsaya kallon wani saurayi, ɗan ɗaya daga cikin membobinmu, a wata firamare ta ƙasar Kurfi. Ya rubuta shirin darasinsa tsaf, amma na ƙwallon hannu ne, makarantar kuwa ko ƙwallo ɗaya babu. Ya hura usur, yara suka watse kamar tumaki sun ga kura. Da yamma ya ce da mahaifinsa, "Baba, ina jin wannan aiki ba nawa ba ne." Tsohon bai yi dogon wa'azi ba. Tambayarsa ya yi ko ya manta langa.

Kashegari ya raba yaran gida biyu, ya ja layi da toka, kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya. Da yake wasa ne da ya sani tun yana ƙarami, muryarsa ta fito sosai, yara kuma suka bi. Bayan mako biyu muka koma, muka tarar ya kafa karan dawa ana tsalle, ya ɗinka ƙwallon tsumma, har yana koya masu dalilin shan ruwa da wanke hannu bayan wasa.

Wani masani a Amurka, Albert Bandura, ya bayyana wannan a 1977. Bisa ga bayaninsa, abin da ya fi ƙarfafa mutum ya gaskata zai iya wani aiki shi ne ya taɓa yinsa da kansa ya ci nasara, ko da ƙarama ce. Ganin tsaransa ya yi, da kalmar ƙarfafawa daga wanda ya yarda da shi, da kwanciyar gaba, duk suna taimako, amma ba su kai na farin ba. Mu dai a gonar gwaji muka fara ganin haka. Manomi yakan ji bayanin tazarar shuka sau goma ya gyaɗa kai kawai, sai ran da ya shuka kunya biyu da hannunsa ya ga zangarniya, sa'an nan ya yarda. Ku tuna kuma Musa ma ya kawo hujjar nauyin baki sa'ad da Ubangiji ya aike shi, aka haɗa shi da Haruna.

Abin da yake damunmu shi ne, da yawa cikinmu muna raina wannan fanni. Mukan ce yaron da ya wuni yana noma ko kiwo me zai yi da motsa jiki? Amma noma ba ya koya wa yaro jiran layinsa, ko karɓar kaye ba tare da faɗa ba. Ga kuma yaran da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu, waɗansu sai a filin wasa ake fara jin dariyarsu. In ɗalibi ya karaya a gwajinsa na fari, yakan riƙa zaunar da yara a inuwa har a buga ƙararrawa, haka kuwa zai yi har ya yi ritaya.

Domin haka muna roƙon kowace ƙungiyar gama kai da ke da ɗalibin malanta a cikinta, namiji ko mace, ta ba shi wurin gwadawa lokacin hutu. Bayan girbi a tone tushiya a tsince ƙaya a gona ɗaya kusa da majami'a. A ba shi yara 10 ko 15 bayan makarantar Lahadi, kada a fara da taro mai yawa, a kuma gayyato 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi in iyayensu sun yarda. 'Yan mata ɗalibai sun fi shan surutu, saboda haka muna so zumuntar mata ta tsaya masu. Wani dattijo ko tsohon malami ya zauna gefe, amma kada ya gyara ɗalibin gaban yara, sai an tashi.

Sakatarori su zo da sunayen ɗaliban da suke da su a taro mai zuwa, tare da gonar da aka ware.